Tsibin Gansakuka a Lambun Yaya Dauda

Na sauka Chennai ranar wata Talata da hantsi, kwana hamsin da biyu bayan mun binne Yaya Dauda. Jakata ɗaya ce, sai ƙullin yaji da kuka da Inna ta cusa min a gefe. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu busar da mutum yake yi, nasu jiƙa shi yake yi, kafin in fito daga filin jirgi rigata ta manne a bayana.

Wanda ya tare ni ɗan ƙasarmu ne, ana ce masa Alhaji Bala. A Kano aka ba ni lambarsa, aka ce shi ke karɓar baƙi, zai sa ni a jirgin ƙasa zuwa garin da zan yi karatu.

"Ɗan Kura! Mutanen tumatir!" in ji shi, yana dukan kafaɗata kamar tare muka tashi. "Kawo fasfon nan in adana maka. Garin nan sai ka yi da gaske."

Na ba shi. Hausa na ji a bakinsa, shi ke nan hankalina ya kwanta.

Gidan da ya kai ni cike yake da 'yan ƙasarmu, yawanci masu ciwon ƙoda da masu jinyarsu. Tun daga ƙofa na gane. Na san kumburin ƙafar nan, na san yadda mai jinya ke auna ruwan sha a ƙaramin kofi yana kawar da kai don kada ya ga idon mai ƙishirwa. Wata huɗu na yi ina yi wa Yaya haka a Kano. Na tsallaka teku, sai ga ni a ɗakin da na baro.

Alhaji Bala ya ce babu gurbi a jirgin ƙasa sai gobe. Gobe ta yi, ya ce sai jibi. A tsakanin nan ni ke goya marasa lafiya in hau da su bene, ni ke bin layin magani. Ban ƙi ba, don aikin lada ne. Amma a rana ta uku ya zaunar da ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai lafiyayye ne fa. Ba ka shan taba, ko? Wane irin jini ne da kai?"

Na ce ban sani ba, ko da yake na sani, domin na fara zargin ƙodata yake hange.

Wata dattijuwa daga Gusau, Hajiya Kulu, wadda ke jinyar mijinta, tana jin mu daga inda take shanya. Da safe ta kira ni.

"Ɗan nan, jinya ka zo?"

"A'a, Hajiya, karatu."

"To me kake yi a nan har kwana huɗu?"

Ba ta jira amsa ba. Ta gyara mayafi ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya. "Alhaji Bala! Ba wa ɗan mutane takardarsa. Ko sai na tara maka gidan nan?"

Ya fito yana dariya, wai ai dama yau zai kai ni. Ita ta sa mai adaidaita sahun da ke kai su asibiti ya kai ni tasha, ya tsaya har na shiga jirgi. Ta ba ni dambun nama a leda. Ban sake jin labarinta ba, ban san ko mijinta ya tashi ba.

Daga tagar jirgi shinkafa nake ta gani, fangali bayan fangali, kamar hanyar Kura zuwa Bunkure, sai dai itatuwan kwakwa a maimakon giginya. Da muka kusa garin, wari ya shigo ta taga. Fasinjoji suka rufe hanci. Ni ban rufe ba, domin na san shi. Warin ruwan jima ne.

Ƙauyenmu a wutsiyar kanal ɗin ban-ruwa yake, mu ne na ƙarshe da ruwa ke isowa, wata shekarar ma ba ya isowa. Shi ya sa Yaya Dauda ya nemi lambu a bakin kogi ta wajen Kumbotso, ƙasa da inda ruwan kamfanonin fata ke gangarowa. Ruwan wurin yau ja, gobe baƙi, wani lokaci da kumfa. Manoman wurin sun saba da shi, har suna cewa ba ya buƙatar taki da yawa. A gefen lambun akwai wani kwari da ruwan ke kwanciya, nan muke dasa injin ban-ruwa, kuma gansakuka tana yin kauri a samansa kamar bargo.

A wurinmu, in an yi yasar kanal, ba a zubar da laka da gansakukar da aka kwaso. Tara ta ake yi ta bushe, a watsa a gona. Haka mahaifinmu ya yi, haka nasa ya yi. Da Yaya ya koma bakin kogi sai ya tafi da al'adar. Shi yana da ciwon baya, saboda haka ni ke shiga ruwan in kwaso, in tara. Shekara shida. Latas ɗinsa babu irinsa a layin. Tsibin da muka tara na ƙarshe ya fi na kowace shekara girma, muka rufe shi da tampol, ciwo ya kwantar da shi kafin a watsa. Ya bar matarsa Sa'a da 'ya'ya huɗu, kuma daga lambun nan suke ci.

Wani malamin jami'a ɗan garinmu da ya zo ta'aziyya shi ya ce min ruwan wurin yana ɗauke da ƙarafa masu guba, irin su dalma da wani da ake jima da shi. Ba a ganinsu, sun narke a ciki. Ya ce a kudancin Indiya akwai inda ake gwada cire su da wata ƙaramar halitta, kuma suna karɓar ma'aikatan gona su koya na wata uku. Ina da difloma a aikin gona, ni ne kuma marubucin ƙungiyar masu ban-ruwa ta ƙauyenmu. Ya ce ko zan je. Na ce zan je. Abin da ke raina ɗaya ne: in gyara ruwan da 'ya'yan Yaya za su ci gaba da cin abincinsa.

Samun ɗaki ya yi wuya. Gida uku na je da takardar makarantar, a waya an ce akwai ɗaki, da aka ga fuskata aka ce an kama. A na ukun matar gidan ba ta ma buɗe ƙofar duka ba. Na zauna a baranda ta wani ƙaramin masallaci da jakata har la'asar. Bayan salla wani tsoho mai farin gemu ya tsaya a kaina. Ba ya jin Turanci, ba na jin yarensu. Ya nuna jakar, ya nuna ni, ya kwantar da kansa a kan tafin hannunsa. Na girgiza kai. Sai ya ɗauki jakar da kansa.

Sunansa Kadar, ni na ƙara masa Baba. Tsohon majemi ne, ya yi shekaru a kamfanin fata, hannayensa duk tabon gyambo. Ya ba ni ɗakin ajiyar tabarmi a bayan masallacin. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Afirka!" yake kira, ya miƙo kwano. Da safe wata irin waina ce fara da ake turarawa babu mai, da rana shinkafa da romon tsamiya. Ran da na fito da yajin Inna ya ɗanɗana, ya yi tari har hawaye, ya nuna ni da yatsa yana faɗa wa sauran tsofaffin wani abu, suka yi ta dariya. Wannan ce dariyata ta farko tun rasuwar Yaya, na kuma ji kunyarta.

Akwai rijiya a harabar masallacin, an rufe ta da katako. Na tambaya da hannu. Ya taɓa harshensa, ya yamutsa fuska, ya nuna wajen kamfanonin. Duk unguwar a tanka ake kawo musu ruwan sha.

Wadda aka haɗa ni da ita a wurin karatu wata ma'aikaciya ce, Malama Selvi, gajeruwa, mai saurin magana. Turancinta gudu yake yi, nawa kuma rarrafe. Ranar farko ta ɗiga wani koren ruwa a gilashi ta sa a na'urar ƙara girma ta ce in duba. Na ga zare-zare, wasu da ƙulli-ƙulli kamar carbi, launinsu tsakanin kore da shuɗi.

"Sunanta sayanobakteriya," in ji ta.

Na ce, "A garinmu gansakuka muke ce mata."

Ta gwada faɗa sau uku ta kasa, ta ce sunan garinmu ya fi na boko wuya. Ta ce ba duk koren da ke kan ruwa ne ita ba, amma sau da yawa tana ciki, kuma wasu irinta ma da kansu guba ne, dole a san wadda za a zaɓa. Ta sa na taɓa da safar hannu. Yauƙi gare ta kamar miyar karkashi. Ta ce a jikin yauƙin nan ƙarfen ke mannewa, wani kuma ta shanye shi ciki.

Aikin bai yi min baƙo ba, noma ne a cikin ruwa. Akwai wasu kwatarniyoyi na siminti marasa zurfi a bayan ginin. Mu kawo ruwan jima, mu sirka shi, don in ya yi ƙarfi kashe ta yake yi. Mu zuba irin, mu riƙa motsawa, rana ta yi sauran. Bayan kwanaki mu tace da ƙyalle, mu kai ruwan a auna. Duk ranar da awo ya nuna ƙarfen ya ragu, sai in rubuta a littafina in ja layi biyu a ƙasa. Ina ta lissafa inda zan haƙa irin wannan kwatarniyar a gefen lambun Yaya, ruwa ya bi ta ciki kafin ya isa fangali.

Kewar gida takan zo min ne a inda ban zata ba. Ƙarar adaidaita sahu, iri ɗaya da tamu. Ko mai tallan albasa. Wata rana na ga wani mutum daga baya yana tafiya ya dafe ƙugu yadda Yaya ke yi, na bi shi har muka wuce mahaɗar titi biyu, alhali na san ba shi ba ne.

A mako na bakwai, ranar Alhamis da rana, Malama Selvi ta ce in tace kwatarniya ta biyu in ajiye abin da na tace a bakin ƙofa, ita an kira ta ofis. Na tace, bokiti ya cika da gansakuka mai kauri, mai sheƙi. A bayan ginin akwai zogale guda biyu da ma'aikata ke tsinkar 'ya'yansa su kai gida, don su a miya suke sa shi. Na daɗe ina ganin ganyensa ya yi rawaya. Ban yi wani tunani ba. Na ɗauki bokitin na je gindin na farkon, na cire safar hannu don ba a aikin ƙasa da ita, na zuba rabi, na durƙusa ina cakuɗawa. Raina har daɗi yake ji, na sami abin da zan saka wa mutanen nan da shi.

"Habib! Ajiye! Ajiye bokitin nan!"

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta zo da gudu, ta janye ni ta hannun riga har bakin famfo, ta matsa min sabulu.

"Me kake yi?"

"Taki ne," na ce. "A garinmu ba ma zubar da shi."

Ta tsaya tana kallona. Sannan ta yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ba ta taɓa yi ba.

"Sati bakwai kana auna ruwa kana murna ƙarfe ya ragu. Ina kake tsammani ya tafi?"

Na kalli bokitin.

"Ƙarfe ba ya ruɓewa, Habib. Ba cinye shi take yi ya ƙare ba. Tattara shi take yi. Abin da ke warwatse a kwatarniya guda, yanzu yana cikin bokitin nan."

Ta faɗa min wannan tun makon farko. Na ga gangunan da ake zuba abin da aka tace a rufe, da jan fenti a jikinsu. Kunnena ya ji, na ma rubuta. Amma a raina na ɗauka wannan dokar ɗakin gwaji ce, irin ta farar riga da wanke hannu. Ban taɓa haɗa abin da ke cikin gangar da abin da nake kwasowa a kwarin Yaya ba, sai da na ji shi a tafin hannuna, da sanyinsa da yauƙinsa.

Na zauna a ƙasa a jiƙe. Aka kira masu shara suka kwashe ƙasar gindin zogalen, aka ɗaura masa jan ƙyalle don kada a tsinka. Ina kallo. Da ta dawo ta tsuguna a gabana, na gaya mata komai: kogin, kwarin, shekara shida, Yaya, da tsibin da ke ƙarƙashin tampol.

Ta kai ni wurin shugaban sashen, wani dattijo mai magana ƙasa-ƙasa. Ya saurare ni har ƙarshe. Na tambaye shi abin da na zo tambaya.

Ya ce, "Ba zan ce maka shi ya kashe ɗan'uwanka ba. Ciwon ƙoda hanyoyinsa da yawa, ban ga mutumin ba, ban auna ruwan ba. In na ce e, na yi maka ƙarya, in na ce a'a, na yi maka ƙarya. Amma tsibin nan kada ya hau gona. Kada a ƙone shi, kada a mayar da shi kogi. A tsare shi daga ruwan sama, daga dabbobi, daga rijiya. Yaushe ake shuka a wurinku?"

Na ƙirga a raina. Yanzu ne.

Lambun yana hannun Baffa Ilu, ƙanin mahaifinmu, shi ke noma wa marayun. Na fita waje na kira shi. A gida hantsi ne.

"Habibu na Indiya! Ka ga 'yan fim ɗin kuwa? Ko ka samo mana mai rawa a cikin ruwa?"

Na gaishe shi, na tambayi gida, sannan na ce, "Baffa, tsibin nan na bakin lambu."

"Jibi Asabar za mu watsa, in Allah ya kai mu. Na riga na yi magana da ma'aikata."

"Don Allah kada a watsa. Guba ce a ciki."

"Ikon Allah. Ubanka ya watsa, kakanka ya watsa, ni na watsa. Ga ni nan ina magana da kai."

"Na kanal daban, Baffa. Wannan na kogi ne."

"Gansakuka ai gansakuka ce. Wata biyu kacal, har ka fara ƙyamar taki? Yaran nan huɗu me za su ci, takardarka? Kai da hannunka ka tara shi."

"Shi ya sa, Baffa."

"Ka yi karatunka ka dawo lafiya. Noma ka bar mana." Ya kashe.

Ba mugun mutum ba ne. Ya bar tasa gonar yana yi wa 'ya'yan ɗan wansa aiki. Mutum ɗaya ne zai iya tsayar da shi, ita ce Inna. Sa'a tana takaba, ba ta fita. Kuma Inna ba za ta tsaya a gaban ƙanin mijinta a kan maganar taki ba, sai in ta san dalili duka. Ma'ana sai na gaya wa uwata cewa mai yiwuwa abin da na ɗebo da hannuna ne ya kai ɗanta na fari kabari.

Ranar ban kira ba. Na kasa.

Washegari bayan sallar Juma'a na zauna a barandar masallaci da waya a hannu. Baba Kadar ya fito, ya dube ni, ya zauna kusa da ni. Na kira wayar Sa'a na ce ta kai wa Inna.

"Inna, ki zauna, akwai magana."

"A zaune nake, shinkafa nake gyarawa. Ba ka da lafiya ne?"

Na faɗa mata, da kalmomin da na iya samu. Ba ta katse ni ba. Ina jin kaji a tsakar gida.

"Wanda kake ɗebowa a kogi?" ta ce.

"Shi."

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, kunyar ɗan fari. Ko da ya rasu ba ta kira ba.

"Shi ya tafi da yayanka?"

"Ban sani ba, Inna. Babban malamin nan ma ya ce bai sani ba."

"Amma kana zato."

"Ina zato."

Sai ta ce, "Latas ɗin nan, ni nake kwaɗa masa da ƙuli. Kullum in ya dawo."

"Ba ki sani ba, Inna."

"Kai ma ba ka sani ba. To, ya isa. Share fuskarka, kana ƙasar mutane."

Ta miƙa wa Sa'a wayar. Ba ta ce za ta yi wani abu ba. Baba Kadar ya ɗora hannunsa mai tabo a bayana, ya bar shi a nan har na natsu.

Sai ranar Asabar da yamma Sa'a ta kira. Ta ce Inna ta ɗauki shatar adaidaita sahu tun da sassafe, ita da ba ta taɓa taka lambun ba. Ta tarar an riga an watsa a fangali uku. Ta wuce ma'aikatan ta hau kan tsibin ta zauna, ta fito da carbinta. Baffa ya ce mata, "Yaya Abu, wannan ai abin kunya ne a gaban mutane." Ta ce, "Ilu, ɗaya na binne. Sauran ba zan binne ba." Ta sa aka kankare fangalin ukun nan aka mayar. Baffa ya saɓa fartanyarsa ya tafi, ya ce tunda an mai da shi mai kisan kai, a nemi wani. Ba a noma lambun ba a ranin nan.

Sauran makonnin na yi su ne kamar mai biyan rantsuwa. Na koyi yadda ake ware irin mai kyau daga ruwan gida, don an ce ba za a bar ni in hau jirgi da mai rai ba sai da takardun da ba ni da su, kuma dattijon ya ce kogin namu yana da tasa wadda ta saba da shi. Na tambayi Malama Selvi inda ake kai gangunan nan masu jan fenti. Ta ce wata mota ke zuwa ta kai su wani wuri na musamman da aka shimfiɗe ƙasansa don kada ya tsiyaya.

"Kuna da irinsa a garinku?"

Na ce zan tambaya.

Ta ba ni ƙyallen tata guda biyu da safar hannu kwali guda, ta ce in na sake cirewa za ta ji daga nan. Baba Kadar ya rako ni tasha, ya riƙe jakata har sai da jirgi ya motsa, sannan ya miƙo ta ta ƙofa. Wata uku muka yi tare, ba mu taɓa fahimtar jimla ɗaya ta juna ba.

Da na iso gida na tarar Inna ta rame. Sa'a ta gama takaba ta koma gidansu da ƙananan biyu, manyan suna wurin Inna, tuwon gidan ya ragu ana gani. Baffa ya amsa gaisuwata bai ɗago ba. Bayan na ci abinci Inna ta ce in biyo ta. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Yaya, da kwaɗo sabo a jiki.

Ta ce bayan ta bar lambun, maƙwabta sun fara ɗibar tsibin a ɓoye. Wai in ba taki ne na musamman ba, me zai sa tsohuwa ta zo gadinsa tun daga Kura? Ta yi ta bayani, ba wanda ya yarda. Sai ta sa aka ɗure shi a buhuna, aka kawo gida, wurin da idonta zai kai.

Ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe. Buhuna ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, a kan itatuwa, an bar 'yar hanya a tsakiya. Hularsa tana nan a ƙusa.

"Na hana yara shiga, na hana awaki," ta ce. Ta sa min makullin a hannu. "Kai ka yi karatun. Ina za a kai shi?"

Har yau ban sami inda za a kai shi ba. Na je wurin malamin jami'ar, ya auna ɗan kaɗan, ya kira ni ya ce kada a buɗe ɗakin. Na je ofisoshi, kowa ya ce in rubuto takarda, na rubuta. Na haƙa ƙaramar kwatarniya a bayan gida ina gwada irin da na ware, tana kamawa, amma ban kai ta bakin kogi ba, domin duk abin da ta tattara sai ya sami wurin kwana, kuma ɗaki ɗaya Yaya ya bari.

Buhu talatin da ɗaya ne. Damina ta matso, rufin yana yoyo ta kusurwar gabas. Jiya na sayo kwanon rufi falle biyu a kasuwar Bunkure. Da safen nan ina kan rufin ina neman inda zan fara, sai na ji an jingina tsani. Baffa Ilu ne, da guduma a hannu. Bai gaishe ni ba. Ya hau, ya duba wurin, ya ce, "Ba nan ne yake yoyo ba. Matsa."